Dutsen da Ido Ba Ya Iya Tantancewa

Shirinmu na yau zai leƙa ɗakin gwaje-gwaje ne, inda ake tambayar dutse abin da ke cikinsa. Abin da muke son kafawa shi ne, a ƙasa mai arzikin zinari irin Zamfara, awon dutse kafin a niƙa shi ya kamata ya zama wajibi, kuma a kawo awon kusa da bakin rami.

A shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Yaro ya kama amai, sai jijjiga, sai a wayi gari babu shi. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba. Sai da aka auna jini gaskiya ta fito: gubar dalma ce. Na'urar tafi-da-gidanka da ake awon jinin da ita tana tsayawa ne a kan 65, amma jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa. Yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinarin da ake kawowa gida, ana dakawa a turmi ko a zuba a injin niƙan hatsi, shi ne ya cika tsakar gida da ƙurar da yaro mai rarrafe ke kaiwa baki.

Ta yaya aka gane gidan da ya gurɓace? Masana daga Amurka sun zo da wata na'ura mai suna XRF, wadda ake riƙewa a hannu kamar abin awon zafin goshi. Ana ɗora bakinta a kan ƙasa, ta harba haske irin na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kowane sinadari kuma ya mayar da nasa haske daban, yadda kowane mutum ke da muryarsa. Cikin minti ɗaya ko biyu sai lamba ta fito. A lokacin, ma'aunin Amurka ga filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu wuraren niƙa a Zamfara an sami sama da 100,000, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce zalla. Da wannan awon aka san inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa, har aka kai ga ƙauyen Bagega a 2013.

Sai dai sanin yawa rabin labari ne, kuma nan ne maganar ta fi daɗin bi. Dalma a cikin dutse takan zo ne a siffar da muka sani da tozali, baƙi mai walƙiya, wanda ba ya saurin narkewa a cikin mutum. To me ya sa ɓarnar ta kai haka? Masu binciken ƙasa na gwamnatin Amurka sun duba samfurin da dabarar XRD, wadda ke nuna yadda ƙwayoyin dutse suka jeru, da kuma madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Suka gano ruwa da iska na tsawon zamani sun riga sun sauya tozalin zuwa wani nau'i mai fari-fari, wanda ruwan cikin yaro ke narkarwa nan da nan. Niƙa kuma ta mayar da shi gari mai laushi.

Wani zai ce tsohon mahaƙi ya san dutse da ido. Gaskiya ne, ya san jijiyar da ke da zinari, kuma ba a raina wannan sani. Amma idonsa arziki yake nema, farar dalmar nan kuwa ba ta da walƙiyar da za ta tona kanta. Wani kuma zai ce na'urar da tsada, kuma haka ne, kuɗinta miliyoyin naira ne. To a auna da kuɗin kankare ƙauye guda da jinyar dubban yara na shekaru, ban da wanda ya rayu da taɓin ƙwaƙwalwa har abada. Na'ura ɗaya na iya zagaya wuraren niƙa da dama a mako.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa a hana haƙar baki ɗaya. An gwada: gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024. Talauci bai bar mutane sun ajiye diga ba, kuma a 2025 aka sake jin rahoton gubar dalma a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Wanda ke haƙa a ɓoye ba zai kawo dutsensa awo ba.

Masana ba su yi mana nisa ba. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya na da ɗakunan gwaje-gwaje a Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello na da cibiyar binciken makamashi a Zariya, ga kuma Jami'ar Tarayya a nan Gusau tun 2013. Abin da ya rage shi ne a horar da matasanmu riƙe na'urar hannu a wuraren niƙa, samfurin da ya ba da shakku kuma a ɗaure shi a leda, a rubuta ramin da ya fito, a aika Kaduna ko Zariya.