Tukunyar gas da na'urar gargaɗi duk suna tsufa: abin da ya kamata mazauna Gyallesu su sani

A ranar 4 ga Janairun 2020, iskar gas ta fashe a wani shagon ɗura gas da ke Sabon Tasha a Kaduna, ta hallaka mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. Bayan haka ne gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe shagunan ɗura gas da ke tsakiyar gidajen jama'a. Sai dai tukwanen da ke cikin ɗakuna suna nan yadda suke, har ma sun ƙaru, ganin yadda kananzir ya yi tsada, gwamnatin tarayya kuma ta ayyana shekaru goma na bunƙasa amfani da gas a watan Maris na 2021.

A Gyallesu da ke Zariya, unguwar da ɗalibai ke kama haya saboda kusancinta da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaki guda kan zama wurin kwana da karatu da girki. A irin wannan ɗaki, yoyo kaɗan ya isa ya jawo asarar rai.

Me ya sa hanci kaɗai bai isa ba?

Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa. Kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin a ji idan ya tsiyaya. Amma mai barci ba ya jin wari yadda ya kamata, haka mai mura. Kuma gas ɗin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa, daidai inda ake shimfiɗa katifa. Da zarar ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da wuta.

Wannan ne amfanin na'urar gano yoyon gas, wadda ke yin ƙara tun kafin gas ya kai wannan mataki. Kusa da ƙasa ake girka ta. Ta bambanta da na'urar gano gubar da ke cikin hayaƙin janareto da garwashin gawayi, guba marar wari da launi. Wadda aka ƙera don ɗaya ba ta gano ɗayan, sai in an haɗa ayyukan biyu a na'ura guda.

Me ke sa ta kuka ba tare da yoyo ba?

Ƙwayar da ke shaƙar iska a cikin yawancin na'urori masu araha ba gas kaɗai take ji ba. Feshin maganin sauro da turaren feshi da fenti da tururin sinadaran goge-goge duk kan tayar da ita. Raunin batir ko rashin ƙarfin wutar lantarki kan sa wasu yin ƙara, ƙurar hunturu da maiƙon girki kuma kan toshe ƙofofinta.

Babban haɗarin yana cikin abin da mutane ke yi bayan kukan ƙarya. Idan na'ura ta tashi gida sau uku cikin dare ba a ga komai ba, a karo na huɗu sai a zare ta daga soket a koma barci. Ranar da yoyon gaske ya zo, babu mai gargaɗi. Saboda haka duk ƙarar da ta yi, a ɗauke ta da gaske tukuna: a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fita, kada a taɓa makunni ko ashana. Daga baya a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. Inda kumfa ya yi ta tasowa, nan ne yoyon.

Yaushe ake sauya ta?

Ƙwayar na'urar tana gajiya ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. A Amurka, inda ake girka irinta a cikin gidajen tafi-da-gidanka da mota ke ja, masu ƙera ta galibi suna ba ta shekara 5 zuwa 7, kuma akan rubuta ranar ƙira ko ta ƙarewar wa'adi a jikinta. Tsohuwar na'ura kan yawaita kuka, ko kuma ta yi shiru gaba ɗaya, wanda shi ne mafi muni. A yawancinsu, maɓallin gwaji yana nuna cewa akwai wuta kuma ƙararrawar na aiki, ba ya tabbatar da lafiyar ƙwayar. Wanda zai saya ya duba ranar da ke jiki, musamman idan kayan gwanjo ne.

Tukunyar fa?

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara 5. Matsalar ita ce a Najeriya mai gida ne ke mallakar tukunyarsa, don haka babu kamfanin da ke da alhakin janye ta idan ta tsufa. A 2019 gwamnatin tarayya ta bayyana shirin mayar da mallakar tukwane hannun 'yan kasuwar gas, ta yadda mutum zai kai wadda ta ƙare a musanya masa da cikakkiya da aka duba. Har yanzu abin da aka saba gani shi ne mutum ya ɗauki tasa zuwa shago a ɗura masa.

Sa ido kan wuraren ɗura gas yana hannun hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ingancin tukunya kuma yana hannun SON. Su ne ya kamata matasa su tambaya tukwane nawa aka gwada a Zariya, nawa aka janye. Kafin amsa ta zo, mai haya a Gyallesu na iya duba shekarar da aka buga a jikin tukunyarsa, ya sauya tiyon da ya tsattsage, ya kuma daina kwana da tukunya a gefen katifa.