Amosanin Gwiwa da Hanyoyin Magance Shi a Kudancin Kano

A ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, idan dattijo ya fara dafa ƙasa kafin ya miƙe, sai a ce sanyi ne ya kama shi. Kalmar nan ta "sanyi" takan haɗiye cututtuka da dama. Wanda ya fi addabar manya shi ne amosanin gwiwa, watau zaizayewar guringuntsin da ke rufe kan ƙasusuwa, har su riƙa gugar juna. Tsufa da ƙiba da tsohon rauni da aikin durƙuso, irin na masu noman rani da ruwan Tiga, duk suna gaggauta shi.

A gargajiyance wanzami kan yi ƙaho ko tsaga, a gasa da ruwan ɗumi. Gashin yana kawo sauƙi, amma ƙaho ba ya kaiwa ga guringuntsi. Ƙwayoyin 'yan talla kuwa, irin su diclofenac, suna kashe zafi, amma yawan shansu yakan lalata ƙoda, ya jawo gyambon ciki.

Babu maganin da ke mayar da guringuntsin da ya cinye. Likitoci sun fi dogara ga motsa jiki don ƙarfafa cinya, da rage ƙiba, da maganin shafawa, da riƙe sanda ta ɓangaren lafiyayyar ƙafa. In ya ƙi, akan yi allura a gaɓar, wadda sauƙinta na 'yan makonni ne. Matakin ƙarshe shi ne tiyatar sauya gaɓa, wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin manoma.