Bindigar farko "mai araha": abin da bidiyon Amurka ba ya faɗa wa ɗan Kano

Kwanakin baya muna zaune da yamma a wata majalisa da ke kusa da Lamido Crescent a Nassarawa GRA, sai wani ƙanenmu ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, dubi wannan, wacce ka ga ta fi?" Bidiyo ne na wani Ba'amurke ya jera bindigogi a kan tebur, yana bayanin wadda ta dace da sabon shiga mai ƙaramin ƙarfi. Yaron nan bai taɓa riƙe bindiga ba sai a PUBG da Call of Duty, amma ya haddace sunayensu kamar yadda muke haddace nau'o'in Tecno da Infinix. Ya ce tunda labarin sace mutane ya yi yawa, yana ganin ya fara tara kuɗi.

Na san ba shi kaɗai ba ne. Da ka kalli irin bidiyon sau biyu, YouTube da TikTok za su yi ta turo maka 'yan uwansa, har ka fara jin kamar sayen bindiga da sayen waya duk abu ɗaya ne: ka duba aljihu, ka kwatanta, ka biya. A ƙasar mai bidiyon kusan haka ne. A nan kuwa lissafin daban yake tun daga tushe.

Me ake nufi da irin wannan bindiga?

Bambancin yana wajen yadda harsashi na gaba ke shiga. A tsohuwar bindigar farauta, bayan ka harba sai ka sa hannu ka ja wani ƙarfe, ƙwanson ya fita, sabon harsashi ya hau. A wadda ake magana a kai, ƙarfin harbin farko ne ke fitar da ƙwanson ya ɗora na gaba, amma duk danna kunama ɗaya harsashi ɗaya ne ke fita. Mataki na gaba shi ne mai sarrafa kanta gaba ɗaya, wadda in ka danne kunamar za ta yi ta aman wuta har sai ka saki ko harsashi ya ƙare. AK-47 ta sojoji, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyat, tana iya yin duka biyun.

Sunayen da masu bidiyon suka fi ambata su ne AR-15, wadda asalinta kamfanin ArmaLite ya fitar a shekarun 1950, da Ruger 10/22 da ke kasuwa tun 1964. Suna maganarsu hankali kwance ne saboda gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. A dokar tarayyarsu, mai shekara 18 zai iya shiga kanti mai lasisi, ya cike takarda, a binciki tarihinsa ta kwamfuta, ya fita da doguwar bindiga, kodayake wasu jihohin sun ƙara tsauri a kan haka. Tsarin mulkin Najeriya ba shi da makamancin wannan sashe.

Abin da dokarmu ta ce

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kai da shekara ɗaya, kuma ta raba bindigogi gida uku.

Gida na farko shi ne haramtattu. Babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A ciki akwai igwa, da roka, da gurneti, da mashinga, da ƙananan bindigogin hannu wato fistol da libarba, da kuma bindigogin soja masu faɗin harsashi milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303. AK-47 harsashin 7.62 take ci, don haka maganarta ta ƙare a nan. Dokar ta kuma rufe ƙofa da cewa duk bindigar da ba a ambata a sauran gidaje biyun ba, haramtacciya ce.

Gida na biyu shi ne waɗanda mutum zai iya nema don kansa, da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Nan ne bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko baki biyu take, da bindigar farauta wadda harsashinta bai shiga jerin na soja ba. Amma a kula, dokar ta cire bindigar harbin tsuntsaye mai ɗura wa kanta harsashi, da duk mai wata na'urar sake ɗuri. Wannan ne dalilin da ya sa a 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a miƙa haramtattun makamai, aka haɗa har da ƙirar pump action da mutane da yawa suke ɗauka halal ce a gare su.

Wani abin da zai ba matasa mamaki: bindigar iska, irin wadda ake harbin kurciya da ita, ita ma tana cikin wannan gida na biyu. Lasisi take buƙata. Na sha ganin samari suna tattauna yadda za su yi odarta daga shagunan intanet na ƙasar waje kamar wani abin wasa. Haka kuma ma'anar "bindiga" a dokar ta haɗa da kowane sashe nata. Ke nan mai yin odar ɓangare ɗaya yau, wani ɓangaren wata mai zuwa, bai yi wa doka wayo ba, ya dai ƙara wa kansa yawan shaidu ne.

Gida na uku shi ne bindigar toka irin ta maharbanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da hurumin ta.

Ko a inda doka ta buɗe ƙofa, lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka ce dole a ba ka. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Kan wannan kuma, a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, saboda yawan waɗanda ke yawo a hannun jama'a.

Za ka ce ai gwamnoni da kansu sun ce a kare kai. Gaskiya ne. Aminu Masari ya faɗi haka a Katsina a 2021, kuma a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga. Nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Maganar bindiga ta gwamnatin tarayya ce, kuma jawabin gwamna ba zai tsaya maka a gaban alƙali ba.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Riƙe haramtacciyar bindiga, mafi ƙarancinsa shekara goma a gidan yari. Dokar fashi da makami ta 1984 ma ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. Ba sai ka harba ba. Samun ta a ƙarƙashin katifarka ya wadatar.

Masu talla a waya

To daga ina "mai araha" za ta fito? Daga shafukan da ke tallar bindiga a Telegram da Facebook da WhatsApp, da hotuna masu ƙyalli da alƙawarin kawowa har gida. Facebook da Instagram sun hana cinikin bindiga tsakanin mutane tun 2016, shi ya sa irin waɗannan shafuka ke buɗewa yau a rufe su gobe, su dawo da wani suna.

A ganina mafi yawansu 'yan damfara ne zalla, kuma sun zaɓi sana'a mai daɗi. Ka tura rabin kuɗi. Gobe a ce kaya ya maƙale a hanya, sai ka ƙara na "sallamar jami'ai". Jibi a toshe lambarka. Wanda aka cuta a cinikin waya zai iya zuwa ofishin 'yan sanda ya kai ƙara, amma kai me za ka je ka ce? Sun san bakinka a ɗinke yake. Wasu ma sukan dawo da hoton hirarku da na katin shaidarka da ka tura musu, su ce ko ka biya ko su tona. In kana son gwada su, ɗauki hoton da suka saka ka bincika shi da Google Lens, sau da yawa za ka tarar daga shafin wani kanti a Amurka aka kwafo shi.

In kuma aka yi rashin sa'a mai tallar da gaske yake, abin ya fi muni. Bindigar da ta zo ta bayan fage tana da tarihin da ba ka sani ba, wataƙila an yi kisa da ita, wataƙila daga hannun jami'in tsaro aka ƙwace ta. Ranar da aka kama dillalin, wayarsa za a fara buɗewa. Layinka yana haɗe da NIN, asusun da ka yi tiransifa da shi yana haɗe da BVN. Goge hira a wayarka ba ya goge ta a tasa.

Shigowa da ita daga waje kuwa, manyan 'yan fasa-ƙwauri ma suna faɗawa hannu. A watan Janairun 2017 hukumar kwastam ta kama pump action 661 a Legas, a 2024 kuma ta kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke Jihar Ribas. Tun 2021 akwai cibiya ta musamman a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan harkokin tsaro da aikinta kawai bin sawun ƙananan makamai. Wannan ofishi ne kuma ke ba da takardar izinin shigo da kaya irin su rigar sulke da tabaran gani da dare, don haka su ma kada ka jefa su cikin kwandon oda ba tare da tambaya ba.

Sai maganar hoto. Ɗaukar bidiyo da bindigar wani, ko da ta ɗan uwanka jami'in tsaro ce, don a tara mabiya a TikTok, hanya ce ta jawo wa kai da mai bindigar tambayoyin da ba su da daɗin amsawa.

Ina za a kai kuɗin da aka tara?

Damuwar ƙanen nan namu ta gaske ce, ban raina ta ba. Abin da na ce masa shi ne, ɓarawon da ke haura katanga a unguwa irin GRA, inda gidaje ke da faɗi kuma layuka kan yi tsit da dare, ya fi tsoron haske da ido a kan komai. Waɗannan kuwa ana sayen su a fili, da rasit.

Fara da fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi, a bakin ƙofa da bayan gida. Sannan kyamarar tsaro. A kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut da Sabon Gari za ka samu iri-iri. Zaɓi mai batir da faifan sola don kada ɗauke wuta ya makantar da ita. In gidan ba shi da intanet na dindindin, akwai mai cin layin waya na 4G. Tabbatar tana da gurbin katin memori, kada duk ajiyarta ta dogara ga biyan kuɗin wata-wata. Ga lissafi mai sauƙi: kyamarar da ke ɗauka ba tsayawa a kan megabit ɗaya cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 11 a rana, ke nan katin gigabait 128 zai riƙe kwana goma sha ɗaya da 'yan kai. In ka saita ta ta riƙa ɗauka sai ta ga motsi kawai, zai daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma datarka za ta huta.

Ka gwada hoton dare kafin ka biya, ba na rana ba. Kowace kyamara gwana ce da rana. Kuma da ka kai ta gida, abu na farko shi ne canza kalmar sirrin da ta zo da ita. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin kamfani kawai. Kyamarar da baƙo ke leƙa tsakar gidanku da ita gara babu. Saboda haka ma ni ba na ba da shawarar a kafa ta tana kallon cikin gida inda iyali ke zama. Ƙofa da katanga sun isa.

Wayar da ke hannunka ma tana da abin da yawancinmu ba mu taɓa buɗewa ba. A Android 12 zuwa sama, da kuma iPhone, akwai tsarin kiran gaggawa da ke tashi in ka danna maɓallin gefe sau biyar a jere, kuma za ka iya sa shi ya tura wa mutanen da ka zaɓa inda kake. Shiga saituna ka kunna shi yau, don a wasu wayoyin a kashe yake zuwa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce. Ka kuma ajiye lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da ta mai gadin layinku. In za ka yi tafiyar dare, WhatsApp na ba ka damar nuna wa wani inda kake kai tsaye na minti 15, ko awa ɗaya, ko awa takwas.

Wanda kuma yake da dalili na gaske, kamar manomi ko maharbi, hedikwatar 'yan sandan Kano tana Bompai, tafiyar 'yan mintuna daga Nassarawa GRA. Can ake zuwa da ƙafa a tambayi halin da maganar lasisi take ciki, ba a wajen wani mai lambar WhatsApp da ya ce yana da hanya ba. Ƙanen namu dai ya ƙare da sayen fitilu biyu da kyamara ɗaya, kuma abin da ta fara kamawa a daren farko shi ne magen maƙwabta tana bin kan katanga.