Daga kabu-kabun Jega zuwa Careem a Jidda

A tashar Jega, ko a kasuwar albasa ta Aliero, ba a neman abin hawa da waya. Ka ɗaga hannu, ɗan kabu-kabu ya tsaya, ku yi ciniki. Mai zuwa Maiyama kuma ya jira mota ta cika.

Wannan sabo ne ke jefa mutanen yankin cikin wahala idan suka sauka Jidda don Umara. Ba Larabci, ba a san farashi ba, direban tasi kuwa yana gane baƙo tun daga nesa.

A Saudiyya ana amfani da Uber da Careem, kamfanin Dubai da Uber ya saya a 2020. Manhajar na nuna kuɗin tafiya, sunan direba da lambar mota kafin ka shiga. Ba ciniki, ba gardama.

Sai dai akwai tarko. Wajen rajista ana turo lambar sirri ta saƙon waya, kuma layin Najeriya kan ƙi karɓar saƙo a waje. Gara ka sauke manhajar ka yi rajista tun kana gida, ka zaɓi biya da tsabar kuɗi.

Farashin ma ba ya tsayawa. Bayan sallah a Harami, lokacin da kowa ke neman mota, yakan yi tashin gwauron zabi, ga hanyoyin kusa da masallacin a rufe. Ɗan taka da ƙafa zuwa babban titi, ka jira cunkoso ya lafa, sannan ka kira.