Agogon Dakatar da Famfo a Akwatin Kiwon Kifi

Duk wanda ya taɓa ajiye kifaye a akwatin gilashi cikin ɗaki ya san cewa famfon da ke juya ruwan shi ne ransu. Famfon ne ke janyo ruwa ya bi da shi ta matata, a inda wasu ƙwayoyin bakteriya suke mai da amoniyar da ke fita daga kashin kifi zuwa naitirait, sa'an nan zuwa naitiret, wanda dafinsa bai kai na farkon ba. To amma a lokacin ba da abinci, wannan famfo kan zama matsala, domin yakan zuƙe tsabar abincin kafin kifaye su kai gare ta, ta je ta maƙale a matata ta ruɓe, ruwa ya ƙara gurɓata.

Bisa al'ada masu kiwo sukan zare filogi ne, su mayar bayan kifaye sun ƙoshi. A nan haɗarin yake, domin ɗan Adam ajizi ne. Idan aka manta famfo ya kwana a kashe, iskar oksijin takan yi ƙaranci a cikin matata, bakteriyar su fara mutuwa, kashegari a iske kifaye suna haki a saman ruwa. Saboda haka abin da ake bukata shi ne na'urar da za ta kashe famfo da umurnin mutum, amma ta kunna shi ba tare da jiransa ba.

Ginshiƙin wannan na'ura wani ɗan ƙaramin guntu ne mai ƙafa takwas da ake kira NE555, wanda Hans Camenzind ya tsara a 1971, kamfanin Signetics na Amurka kuma ya fitar da shi kasuwa a 1972. Har yau ana samunsa da araha wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Ana haɗa shi da rezisto ɗaya, da kafasita ɗaya, da maɓalli, da kuma rile, watau makunnin da maganaɗisu ke motsawa. Da zarar an danna maɓallin, ƙafa ta 2 ta haɗu da ƙasa, sai ƙafa ta 3 ta saki wuta zuwa ga rile, famfo ya tsaya. Daga nan kafasita za ta riƙa cika sannu a hankali ta hanyar rezisto, kamar tulun da ake ɗiga wa ruwa. In ta kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin wutar, guntun ya saki rile, famfo ya ci gaba da aiki.

Tsawon lokacin a daƙiƙa shi ne 1.1 sau ƙimar rezisto sau ƙimar kafasita. Alal misali, rezisto mai om 1,000,000 da kafasita mai maikurofarad 470 za su ba da daƙiƙa 517, watau minti takwas da rabi da 'yan kai, wanda ya ishi yawancin kifaye. Sai dai manyan kafasitoci sukan yi yoyon wuta, don haka lokacin kan ɗan zarce lissafi. Gwaji da agogon hannu shi ne alƙali.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda za a ɗaura famfo a jikin rile. Wajibi ne a yi amfani da bakin da yake a haɗe tun asali, ta yadda ko na'urar ta mutu, famfo ba zai tsaya ba. Haka kuma a sanya dayod a tsakanin ƙafafun naɗin rile don kare guntun daga wutar da ke komowa baya. Ɓangaren agogon folt 12 kawai yake ci, amma wayar famfo tana ɗauke da folt 230 na gida, ga shi kuma kusa da ruwa. Don haka a rufe komai cikin akwatin roba, a kafe shi a bango sama da tankin, a bar waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, domin ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa.