Yadda Kwamfuta Ke Mayar da Rubutun Makafi Zuwa Boko

Yaron da ya rasa ganinsa a garin Dutsi, ko a wani ƙauye na masarautar Daura, idan Allah ya nufe shi da karatun boko, galibi sai ya bar gida ya tafi makarantar makafi ta gwamnati da ke birnin Katsina, ko ta Tudun Maliki da ke Kano. A irin waɗannan makarantu ne ake koya masa rubutun Birel, wato rubutun ɗige-ɗige masu tudu da ake karantawa da kan yatsa. Muddin yana hannun malaman da suka san wannan rubutu, komai na tafiya daidai. Wahala tana farawa ne ranar da ya zauna aji ɗaya da masu gani, a sakandare ko kwaleji, ya miƙa wa malamin tarihi farar takarda mai kauri wadda babu ɗigon tawada a kanta. Amsa tana nan a rubuce, amma malam ba ya iya karanta ko harafi guda.

A da, hanyoyi uku ake bi. Ko dai ɗalibi ya karanta amsarsa da baki wani ya rubuta masa, ko ya buga ta a tafireta irin ta masu gani, ko kuma a nemo ƙwararren malami ya bi takardar layi-layi yana rubuta ma'anar da biro a saman ɗige-ɗigen. Kowace da cikas ɗinta. Mai buga tafireta ba ya iya komawa ya duba abin da ya rubuta, kuma idan kirtanin tawada ya bushe bai sani ba, sai ya miƙa shafi fari fat. Ƙwararrun malamai kuwa ba su da yawa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta tanadi makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara. Wannan ya sa buƙatar hanya ta huɗu ta ƙara fitowa fili, wato a bai wa na'ura mai ƙwaƙwalwa aikin mayar da Birel zuwa rubutun da kowa ke gani.

Ɗigo shida, alama 63

Louis Braille, wanda rubutun ya ci sunansa, an haife shi a ƙauyen Coupvray na ƙasar Faransa a 1809. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka sirdi da linzami, kuma a rumfarsa ne basilla ta soke wa yaron ido yana da shekara 3. Yana ɗalibi a makarantar makafi ta Paris ya tsara rubutunsa a 1824, aka buga shi a littafi a 1829. Ana rubuta kowace alama a cikin gida mai gurbin ɗigo shida, uku a hagu, uku a dama. Na hagu ana ƙirga su 1, 2, 3 daga sama zuwa ƙasa, na dama kuma 4, 5, 6. Tun da kowane gurbi ko dai yana da tudu ko ba shi da shi, idan aka ninka 2 sau shida za a sami 64. A cire gida ɗaya da babu komai a cikinsa, saura 63.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin shi ne tushen dukan abin da zai biyo baya. Alama 63 ba za su ishi ƙananan haruffa da manya da lambobi da alamomin tsayawa da na lissafi ba. Dole alama ɗaya ta yi aiki biyu ko uku. Alal misali, babu lambobi na musamman a Birel: haruffa goma na farko, daga a zuwa j, su ne 1 zuwa 0, in an sa alamar lamba a gabansu. Babban harafi kuma ƙaramin ne da aka gabatar masa da ɗigo na 6. Bugu da ƙari, saboda Birel yana cin takarda ƙwarai, an ƙirƙiro taƙaitaccen rubutu, wanda ake kira mataki na biyu, inda gida ɗaya ke tsayawa a madadin gaɓa ko kalma sukutum. A Birel na Ingilishi na yanzu irin waɗannan taƙaitawa sun kai 180.

Abin da ke cikin fayil

Ɗalibin da ya sami na'urar rubutu ta lantarki, irin su Orbit Reader 20, yana danna maɓallai shida kamar na tsohon injin Perkins da ya fito a 1951, sai dai maimakon takarda, rubutun yana shiga ƙaramin katin ajiya. Irin wannan fayil sunansa yakan ƙare da haruffan BRF. A cikinsa an bai wa kowane gida na Birel alama ɗaya daga cikin alamomin kwamfuta na yau da kullum. Don haka malamin da ya buɗe fayil ɗin kai tsaye zai ga abin da ya yi kama da shirme. A ce ɗalibi ya rubuta sunan jiharsa da shekarar da aka ƙirƙiro ta, wato “Katsina 1987.” Abin da zai bayyana shi ne:

,kats9a #aihg4

Babu kuskure ko ɗaya a nan. Waƙafin farko shi ne ɗigo na 6 mai nuna babban harafi. Lamba 9 tana wakiltar gidan da ke taƙaita gaɓar “in”. Alamar # ita ce alamar lamba, sai a, i, h, g da suke 1, 9, 8, 7. Lamba 4 ta ƙarshe kuwa aya ce. Aikin manhajar fassara shi ne ta bi wannan layi ta mayar da shi “Katsina 1987.”

Manhajoji biyu ne suka fi shahara a wannan fage. Akwai Duxbury, ta wani kamfani da aka kafa a Amurka a 1975, wadda ake saye da kuɗi. Akwai kuma Liblouis, wadda John Boyer, wani masanin kwamfuta makaho kuma kurma, ya fara rubutawa a 2002, kuma kyauta ce ga kowa. Ita ce ke aiki a cikin NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke fuskar kwamfuta. Dukansu suna dogara ne da jadawali, wato jerin ƙa'idojin da ke cewa gida kaza, a wuri kaza, yana nufin abu kaza. Kowane harshe da nasa jadawali.

Zuwa da sauƙi, dawowa da wuya

Juya boko zuwa Birel abu ne da kwamfuta ta ƙware a kai tun shekarun 1970. Dawowar ita ce mai wuya, kuma Bahaushe ya riga ya san dalili daga rubutunsa. Kalmar “gari” a boko ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. Mai rubutu ya san ko birni yake nufi ko garin tuwo, amma mai karatu sai ya dubi kalmomin da ke kewaye kafin ya yanke. Haka gidajen Birel suke. Ɗigo na 2 shi kaɗai waƙafi ne a ƙarshen kalma, amma a tsakiyar kalmar Ingilishi yana nufin “ea”. Gida mai ɗigo 2, 3 da 6 alamar buɗe zance ce a farkon kalma, alamar tambaya a ƙarshenta, idan kuma ya tsaya shi kaɗai kalma ce, “his”. Ɗan Adam mai karatu da yatsa ba ya ko lura da wannan, domin ma'anar jimla tana yi masa jagora. Manhaja ba ta san ma'ana ba, wuri kawai take dubawa.

A zauren jarrabawa ne abin ya fi ciwo. A taƙaitaccen Birel na Ingilishi, harafin da ya tsaya shi kaɗai kalma ce: b na nufin “but”, c na nufin “can”, d kuma “do”. Wanda ke son harafin kansa sai ya sa ɗigo na 5 da na 6 a gabansa. To, ɗalibin da ke amsa tambayoyin zaɓi cikin sauri, ya manta da wannan alama, takardarsa za ta fito cike da “but” da “can” da “do” a inda ya zaɓi B da C da D. Malamin da bai san dalili ba zai ja jan biro a kan amsoshin da suke daidai. Haka nan tambaya ta “3a” tana iya komawa ta “31”, tun da a bayan alamar lamba harafin a ɗaya yake nufi. Wanda kuma ya manta alamar lamba gaba ɗaya, shekarar 'yancin kan Nijeriya, 1960, za ta fito masa “aifj”.

Masana sun daɗe da ganin wannan matsala. Yana daga cikin dalilan da suka sa majalisar ƙasa da ƙasa mai kula da Birel na Ingilishi ta amince da sabon tsari na bai ɗaya, wanda ake kira UEB, a 2004. Nijeriya ta karɓe shi a 2005, tun kafin Ingila a 2011 da Amurka a 2012. Sabon tsarin ya soke taƙaitawa tara, har da “ble” wadda gidanta ɗaya da alamar lamba, da “dd” wadda gidanta ɗaya da aya. A tsohon tsari, ɗigon da ke tsakiyar adireshin intanet yana iya dawowa a matsayin “dd”. Sai dai tsofaffin littattafai ba su ɓace ba. Fayil da aka shirya bisa tsohuwar ƙa'ida, in aka juya shi da sabon jadawali, zai fito da kurakurai. Tsohon tsarin Ingila ma bai cika nuna manyan haruffa ba, kuma abin da ba a rubuta tun farko ba, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Hausa, Larabci da lissafi

Ɗalibin Dutsi ba Ingilishi kaɗai yake rubutawa ba. Yana da darasin Hausa, yana da na addini, yana da lissafi, kuma kowanne yana amfani da gidaje 63 ɗin nan ta hanyarsa. Hausa tana da nata tsarin Birel, yana kuma cikin littafin World Braille Usage, wanda UNESCO ta fara fitarwa a 1953, bugu na uku ya fito a 2013. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna buƙatar gidajensu, alhali Ingilishi mai taƙaitawa ya riga ya ba kusan kowane gida aiki. Saboda haka idan aka juya insha'in Hausa da jadawalin Ingilishi, a daidai waɗannan haruffa ne rubutun zai watse. Ba ƙaramin abu ba ne a harshen da lanƙwasa ke raba “baki” da “baƙi”, ko “kafa” da “ƙafa”.

Birel na Larabci kuwa daga hagu zuwa dama ake karanta shi, saɓanin rubutun tawada, kuma yawancin haruffansa suna zaune a gidajen takwarorinsu na boko. Jadawalin Ingilishi zai mayar da shi haruffan boko marasa kan gado. A lissafi, tsarin da Abraham Nemeth ya wallafa a Amurka a 1952 yana sauko da lambobi zuwa ƙasan gida, ta yadda 1 take zama a gurbin waƙafi, 4 kuma a gurbin aya. UEB bai yi haka ba. Shafin da ya haɗa harsuna biyu, kamar fassara daga Ingilishi zuwa Hausa, ya fi dacewa a raba shi kashi-kashi, a juya kowane kashi da jadawalinsa.

Rabon malami

Kafin a danna komai, tambayar farko ga ɗalibi ita ce da wane harshe ya rubuta, da wane mataki, kuma da wace ƙa'ida. Shi ya fi kowa sani, kuma rashin tambayarsa shi ne kuskuren da aka fi yawaita yi. Bayan an juya, bai kamata a goge fayil na asali ba, domin shi ne hujja idan gardama ta taso a kan maki. Duk inda aka ga kalma ta fito bambaraƙwai, adalci shi ne a sa ɗalibin ya karanta wurin da yatsansa kafin a yanke hukunci. Sau da yawa za a tarar ilimin darasin yana nan daram, alama ɗaya ce ta Birel ta kuɓuce. Wannan gyara ne na malamin Birel, bai kamata ya ci makin tarihi ko na kimiyya ba.

Tsarin shafi ma yakan lalace. Fayil na BRF an yanka shi ne daidai faɗin takardar Birel, galibi gida 40 a layi, layi 25 a shafi, da lambar shafi a kusurwa. In ya dawo boko sai a ga jimloli sun kakkarye, lambobin shafi sun faɗo tsakiyar zance, sai an bi an daidaita da hannu.

Duk wannan bayani ya shafi ɗalibin da ke da na'urar lantarki ne. Wanda ke rubutu da allo da tsinke, yana huda takarda daga dama zuwa hagu don ya juya ta ya karanta, ba shi da fayil. Sai an ɗauki hoton takardarsa tukuna, wata manhaja ta gane ɗige-ɗigen daga inuwar da suke yi, sannan a shiga fassara. Takardar da aka naɗe, ko aka danne a ƙasan jaka har tudun ya kwanta, tana ruɗar da manhajar, haka ma wadda aka rubuta gaba da baya, inda ramukan ɗaya fuskar ke shiga tsakanin ɗige-ɗigen. Ɗigo ɗaya da ya kwanta ya isa ya mayar da harafin d ya zama c, domin ɗigo na 5 ne kaɗai ya raba su. Makarantar da ke karɓar irin waɗannan takardu tana buƙatar faffaɗan akwati inda za a jera su a tsaye, nesa da damshi, har a gama duba su.