Kalalau: Yadda matafiya ke ratsa dajin tsibiri da kayan da suka ɗinka da kansu

A gaɓar arewa maso yammacin tsibirin Kauai da ke jihar Hawai ta Amurka, akwai wata hanyar ƙafa mai suna Kalalau, mai tsawon kimanin kilomita 18. Mota ba ta shiga, babu kanti, babu masauki. Duk wanda ya nufi ƙarshenta, abincinsa da makwancinsa a bayansa suke, kuma dole ya dawo da shararsa.

Shi ya sa hanyar ta ja hankalin masu yawon daji da ke bin tsarin rage nauyi. Ƙa'idarsu ita ce jaka, ban da ruwa da abinci da man girki, kada ta wuce kilo 4 da rabi. Ba'amurke Ray Jardine na cikin waɗanda suka yaɗa tsarin tun daga 1992, yana koya wa matafiya su ɗinka kayansu a gida maimakon sayen masu tsada.

A tsibiri mai zafi dabarar ta fi dacewa, domin sanyi ba shi ne abin tsoro ba. Ruwan sama ne da danshi da sauro. Maimakon tanti, matafiyi kan ɗinka siririn tamfol da ake ɗaurewa da igiya, ya haɗa da gidan sauro da mayafi mara nauyi. Iska na ratsa tamfol ta kowane gefe, alhali rufaffen tanti kan jiƙe daga ciki kafin asuba. Murhu kuwa, da gwangwanin lemo biyu ake yin sa, a zuba masa sifirit. Ba rowa ba ce: an hana hura wuta a dajin, kuma jirgin sama ba ya ɗaukar tukunyar gas.

Sai dai rashin nauyin kaya ba ya maganin kogi. Rafin Hanakapiai, mai nisan kusan kilomita 3 daga mafarin hanyar, yakan cika cikin ɗan lokaci, kuma ya sha cin masu gaggawar ƙetarewa. Wanda ya rage abinci ƙwarai don jakarsa ta yi sauƙi, shi ne zai kasa zama ya jira ruwa ya janye. Ruwan rafukan ma sai an tafasa ko an sa magani, saboda cutar da fitsarin dabbobi ke yaɗawa.

A watan Afrilun 2018 aka tafka ruwa milimita 1,262 cikin sa'o'i 24 a Waipa da ke kusa, mafi yawa da aka taɓa aunawa a Amurka. Hanyar ta kasance a rufe har Yunin 2019. Da aka buɗe, hukuma ta ƙayyade baƙi 900 a rana a gandun Haena, inda hanyar ta faro, bayan shekarun da mazauna yankin suka yi suna kuka da cunkoso. Mai son kwana a ciki kuma sai da takardar izini.

Matakin yana da hujja. Kwarin Kalalau ba dajin da babu mai shi ba ne: 'yan asalin Hawai sun noma gwaza a cikinsa ɗaruruwan shekaru, kuma sai a 1919 iyalai na ƙarshe suka tashi. Katangun duwatsun gonakinsu na nan har yau a cikin kwarin da baƙi ke kafa tamfol.